Amanar Mai Juyar Littafi a Zamanin Kwamfuta

A cikin ayyukan da masu hulɗa da kwamfuta suke ɗauka ƙanana, har ba su ganin sun cancanci a zauna a yi shawara a kansu, akwai wani wanda a ganina ya fi ƙarfin wannan raini, shi ne ɗauko littafin da aka ajiye da tsuran rubutu, wato haruffa zalla ba ado ba ƙawa, a mayar da shi takardar da za a buɗe a Word ko LibreOffice, a ƙara girman haruffanta, a tsara babobinta, a gyara abin da ake son gyarawa, a buga ta in an ga dama. Malamin makaranta yana yin haka don ya tsamo wa ɗalibai nassin da za su karanta, mai fassara yana yi don ya ajiye matani a gefe guda fassararsa a ɗaya gefen, dattijon da ganinsa ya raunana yana sa jikansa ya yi masa don baƙaƙen su yi girma, kuma buƙatar kowannensu halal ce, babu abin zargi a cikinta. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, duk wanda ya sa hannu a wannan aiki ya shiga sahun masu juyar littattafai, ko ya sani ko bai sani ba, kuma sharuɗɗan da malamai suka ɗora wa mai juyi tun zamanin tawada da alƙalami sun hau kansa, bal ma sun fi nauyi a kansa, domin kuskuren mai alƙalami kalma ɗaya yake ɓatawa, shi kuwa mai kwamfuta da latsawa ɗaya yana iya ɓata wuri dubu.

Ya kamata a fara da sanin inda tsuran rubutun nan ya samo asali. A ranar 4 ga Yuli 1971, wani ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka mai suna Michael Hart, wanda aka ba shi izinin amfani da wata babbar kwamfuta ƙirar Xerox Sigma V a ɗakin binciken jami'ar, ya zauna ya buga Sanarwar 'Yancin Kan Amurka harafi bayan harafi, da manyan baƙaƙe zalla saboda na'urar ba ta da ƙanana, ya kuma sanar da 'yan tsirarun mutanen da ke kan hanyar sadarwar wancan lokaci cewa ga ta nan ga mai so. Daga nan aka sami Project Gutenberg, taskar da ta yi kusan shekara ashirin tana tafiyar hawainiya, ta kai littafi na 10 a 1989, na 100 a 1994, na 1,000 a 1997, na 10,000 a 2003, yau kuwa ta haura 70,000, kowa ya ɗauka kyauta. Hart ya rasu a 2011, amma har ya bar duniya bai sauka daga ra'ayinsa ba, cewa a ajiye littafi da mafi sauƙin tsarin haruffa, wanda kowace na'ura za ta iya karantawa, tsohuwa da sabuwa, ta mawadaci da ta talaka.

Wannan tsari shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, kuma gaba ɗayansa alamomi 128 ne, 95 daga cikinsu ne kaɗai ake bugawa a gani, sauran umarni ne ga na'ura. An yanka shi daidai wuyan Ingilishi. Babu karkatattun haruffa a cikinsa, babu masu kauri, babu hashiyar ƙasan shafi, babu hoto, babu ma shafin kansa, sai dai layi a ƙarƙashin layi har littafi ya ƙare. Saboda haka masu buga littattafan suka ƙirƙiro wasu al'adu don su nuna abin da tsarin ya kasa ɗauka: kalmar da mawallafi ya karkatar sai su sa ta tsakanin 'yan karan ƙasa guda biyu, ko kuma a tsofaffin fayiloli su rubuta ta da manyan baƙaƙe, dogon karan tsakiyar jimla su maye shi da gajeru biyu a jere, sakin layi su raba shi da ɗan'uwansa da layi guda wanda babu komai a cikinsa, kan babi kuwa su bar masa layuka da yawa a sama. Waɗannan al'adu su ne mabuɗin aikin duka, domin wanda zai mayar da littafin takardar Word fassara yake yi daga wata yarjejeniya zuwa wata, kuma mai fassarar da bai san yarjejeniyar farko ba zai share alama yana zaton datti ce.

Babbar wahala, wadda kowa yake cin karo da ita tun a shafin farko, ita ce ta ƙarshen layi. Na'urorin da aka yi wa wannan tsari ba su san su naɗe rubutu da kansu ba idan ya kai bakin allo, faɗinsu kuwa galibi harafi 80 ne, gadon katin hudawa na kamfanin IBM na 1928, don haka aka riƙa yanke kowane layi da hannu a wajen harafi na 70, a sa masa alamar komawa farkon sabon layi. Ita kuwa manhajar tsara rubutu ta zamaninmu wannan alama sakin layi take nufi a wurinta. Idan ka buɗe irin wannan littafi a Word, sai ta ɗauki kowane layi a matsayin sakin layi mai zaman kansa, ta yadda da zarar ka ƙara girman haruffa ko ka rage faɗin shafi, za ka ga dogon layi yana bin gajere, gajere yana bin dogo, jimla ta karye a tsakiya ba gaira ba dalili, ido ya gaji kafin ya kai ƙasan shafi. Wanda ya taɓa karanta irin wannan a ƙaramin allon waya ya san cewa masu neman a gyara shi ba son ado ya kai su ba, larura ce.

Maganin da aka sani tun da daɗewa dabara ce mai hawa uku, ana yin ta da wurin nema da sauyawa da ke cikin manhajar. A Word, alamar sakin layi ana kiranta da ^p. Da fari sai a nemi duk inda alamar ta zo sau biyu a jere, wato iyakar sakin layi ta gaskiya, a maye ta da wata alama ta wucin gadi wadda aka tabbatar babu irinta a ko'ina cikin littafin. Sa'an nan a nemi sauran alamomin da suka rage ɗai-ɗai, waɗanda su ne yankan layin da ba a so, a maye kowace da tazara guda. Daga ƙarshe a komo ga alamar wucin gadi a mayar da ita sakin layi. Jerin yana da muhimmanci ƙwarai, domin wanda ya fara da hawa na biyu ya narkar da littafin duka ya zama sakin layi ɗaya, wanda kuma ya manta da tazarar ya manne kalmar ƙarshen kowane layi da ta farkon mai bi masa. Aiki ne na minti biyu, kuma a littafin da yake zube ne tsantsa yana fita lafiya.

To amma littafi nawa ne zube tsantsa? A nan ne nake son mai karatu ya tsaya, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ba a gani. Dabarar nan ba ta san bambancin layin da aka yanke don ƙuncin allo da layin da mawallafi ya yanke da gangan ba. Idan akwai waƙa a tsakiyar babi, sai ta haɗe ɗangogin baiti su zama jimla ɗaya doguwa, ƙafiyar da sha'iri ya kwana yana nema ta nutse a tsakiyar layi, ƙwar biyar ta koma kamar labarin jarida, mai karatu na gaba kuwa, wanda bai taɓa ganin asalin ba, ba zai ma san akwai waƙa a wurin ba. Haka jadawali, wanda a tsuran rubutu da tazara ake jera ginshiƙansa, yakan rushe ya zama tarin lambobi marasa ma'ana, haka wasiƙar da ke cikin labari da adireshinta da sa hannunta, haka wasan kwaikwayo da sunayen masu magana, haka fihirisa. A littafin Lewis Carroll na labarin Alice, wanda shi ne na 11 a taskar Gutenberg, akwai wasu baitoci da aka jera su suna lanƙwasa suna sirancewa kamar wutsiyar ɓera, kuma siffar tana cikin ma'anar. Dabarar hawa uku tana shafe ta cikin ƙiftawar ido. Saboda haka wajibi ne, kafin a latsa komai, a bi littafin daga farko har ƙarshe da ido, a ware waɗannan wurare, a yi aikin babi babi a kan zuben kaɗai, a bar waƙa da jadawali a gyara su da hannu. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, to ba shi da lokacin juyar littafin.

Akwai kuma karan ɗori. Rubutun da aka samo ta hanyar ɗaukar hoton shafi a sa na'ura ta karanta yakan zo da kalmomi a raba biyu a ƙarshen layi, sai mutum ya ga mafita ita ce ya share duk karan da ya zo a bakin layi. A Hausa wannan hukunci zalunci ne, domin karan ɗori yana cikin ginin kalmominmu, kuma tafiye-tafiye da sannu-sannu da wasa-wasa suna iya faɗowa a bakin layi kamar kowace kalma. Babu wata ƙa'ida da za ta raba su. Ɗaya bayan ɗaya ake dubawa. Su kuwa kanun babobi, shawarata ita ce kada a tsaya ga ƙara musu kauri da girma da hannu, a ba su sigar kan babi da manhajar ta tanada, domin da wannan ne za ta san babi ne, ta haɗa fihirisa da kanta, ta kuma bai wa makaho mai sauraro da manhajar karantawa damar tsallakawa daga babi zuwa babi.

Sai matsalar da ta fi shafarmu, wadda Hart da abokan aikinsa ba su sha ta ba a farkon al'amarinsu, wato ta haruffa masu ƙugiya. Tun shekarun 1930 rubutun boko na Hausa ya zauna a kan ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma har da ƴ inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a alamomi 128 na ASCII. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowannensu lambarsa, hanyar ajiya ta UTF-8 kuma, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ita ce yau ta mamaye intanet. Sai dai tsuran fayil ba ya faɗin da wane tsari aka ajiye shi, manhaja ce take kintata, idan kuwa ta kintata ba daidai ba ta karanta shi da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É da dogon kara, ƙasa ta zama Æ™asa a kowane shafi. Wannan ciwo yana da magani matuƙar ba a taɓa komai ba: a rufe fayil ɗin ba tare da an adana ba, a sake buɗewa, idan manhajar ta tambayi tsari a zaɓi UTF-8. Wanda ba shi da magani shi ne a adana rubutun Hausa da tsarin da bai san ƙugiya ba, domin a nan kowane harafi mai ƙugiya alamar tambaya yake komawa, kuma idan ka tarar da ?ari babu wata na'ura da za ta tabbatar maka ƙari marubucin ya rubuta ko ɗari ko ɓari, sai dai siyaƙin magana, shi ma ba kullum yake yanke hukunci ba.

Marubutanmu da yawa, musamman masu rubuta ƙagaggun labarai a waya suna rarrabawa a WhatsApp da Wattpad, sun kauce wa wannan ta hanyar rubuta k' da d' da b', wasu kuma su sa alamar a gaban harafin, wasu su bar ta gaba ɗaya. Mai juyi nagari zai so ya mayar musu da ƙugiyarsu, kuma niyyarsa kyakkyawa ce, amma idan ya umarci manhaja ta sauya kowace d' ta zama ɗ a lokaci guda, to duk inda sunan Ahmad ko Muhammad ya zo a ƙarshen zancen wani aka rufe shi da alama guda, ya ɓata sunan ya kuma cinye alamar. Haka nan manhajar da ke lanƙwasa alamomin zance da kanta takan juya alamar farkon 'ya'ya da 'yanci ta fuskanci baya, don ta zaci buɗe zance ake yi. Akwai ma wani gado daga shekarun 1990, lokacin da kwamfutocin ofis ba su da waɗannan haruffa, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙera fasalin haruffa masu ƙugiya don Hausa, aikin da ya fitar da madaba'u da marubuta daga ƙunci a zamaninsa. Sai dai irin waɗannan fasali na wancan lokaci aron gurbin wasu alamomi suke yi su zana ƙugiya a kai, saboda haka takardar da aka rubuta da su, idan aka buɗe ta a kwamfutar da ba ta da fasalin, ko aka mayar da ita tsuran rubutu, alamomin da aka ara ne suke bayyana. Wanda ya gaji irin waɗannan takardu ya gano wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, ya mayar da su Unicode tun ana iya ganewa.

Ba na musun cewa akwai kayan aiki da suke rage wahala. Galibin littattafan Gutenberg yanzu suna da nau'in HTML da EPUB a gefen tsuran rubutun, waɗanda suka riga suka san sakin layi da karkatattun haruffa da kanun babi, kuma wanda ya sami wannan nau'i ya fara daga gare shi, bai kamata ya wahalar da kansa ba. Akwai Pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Jami'ar California da ke Berkeley, ya fara a 2006, tana haɗe layukan da aka yanke, ta gane layi marar komai a matsayin iyakar sakin layi, ta mayar da kalmar da ke tsakanin karan ƙasa biyu karkatacciya, ta fitar da takardar Word. Akwai Calibre ta Kovid Goyal, ita ma kyauta, mai irin wannan hidima. Dukansu ina yaba musu, kuma dukansu kintace suke yi a wuraren da na ambata. Wanda na fi jin tsoro shi ne sabon yayi na miƙa babi ga manhajar ƙirƙirarriyar basira a ce ta gyara, domin ita ba ta tsaya ga sarrafa alamomi ba, sake rubuta nassin take yi kalma bayan kalma, kuma tana iya musanya lafazin da ta ga baƙo da wanda ta saba, ko ta tsallake jimla, ta miƙo maka shafi mai tsabta wanda babu wata alama a jikinsa da za ta nuna an taɓa shi.

Wannan fargaba tsohuwa ce a wurin malaman Musulunci, kuma sun yi mata tanadi wanda har yau ban ga abin da ya fi shi ba. Alƙali Iyal, mai Asshifa da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya wallafa Al'ilma'u a kan ƙa'idojin riwaya da rubuta abin da aka ji, Ibnus Salahi kuma, wanda ya rasu a 643, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa don ladubban rubuta hadisi da kiyaye shi. Sun wajabta muƙabala, wato a ɗora kwafi a kan asali a bi su tare kafin a dogara da shi. Sun koyar da cewa abin da ya faɗi a rubuta shi a hashiya tare da ɗan layi mai nuna gurbinsa. Lafazin da yake daidai amma mai karatu zai yi shakkarsa a sa masa alamar inganci a kai. Wanda kuwa aka same shi a gurguje a asali, a bar shi yadda yake a sa masa alamar da ke nuna haka aka tarar, gyaran a ajiye shi a gefe, domin sau da yawa abin da mai juyi ya zaci kuskure ne yakan zama shi ne daidai, iliminsa ne bai kai ba. Har da'irar da ake sawa tsakanin hadisi da hadisi, Alhaɗibul Bagdadi ya so a bar cikinta fanko, sai an yi muƙabala a ɗiga mata ɗigo, don wanda ya ɗauki littafin ya san iyakar inda aka duba. Sun bambanta tas-hifi, wato kuskuren ɗigo da kamannin harafi, da tahrifi mai canza lafazi, kuma duka biyun suna faruwa a allon kwamfuta kullum.

Abin sha'awa ne cewa masu aikin sa kai na Distributed Proofreaders, ƙungiyar da Charles Franks ya kafa a 2000 don ciyar da taskar Gutenberg, sun iso ga kusan wannan hanya ta nasu tunanin: ana nuna wa mai dubawa hoton shafin asali a gefe, rubutun da na'ura ta karanto a gefe, shafi ya wuce zagaye uku na duba lafazi, sa'an nan zagaye biyu na tsara siffa, kuma ƙa'idarsu ita ce kada a canza abin da mawallafi ya rubuta. Sun raba aikin lafazi da aikin siffa, kuma wannan rabuwa ita ce nake roƙon kowane mai juyi ya riƙe. Takardar Word tana haɗa su a hannu ɗaya, wanda ya zo gyara yankan layi sai ya ga tsohon rubutun kalma ya sabunta shi, ya ga jimla ta yi masa tsawo ya datse ta, ya ga lafazin Sakkwatanci ko Katsinanci ya mayar da shi Kananci da sunan daidaitacciyar Hausa, kafin ya kai babi na biyar ya zama abokin tarayyar mawallafi ba da izininsa ba. Alhali manhajar kanta ta tanadi abin da zai tsare shi: tana da wurin bin sawun gyara wanda ke nuna duk abin da aka cire da abin da aka ƙara, tana da wurin sharhi a gefen shafi wanda shi ne hashiyar zamaninmu, tana kuma iya ɗora takarda biyu ta fitar da bambancinsu. Kaɗan ne suke amfani da su.

Sharaɗin da ya fi kowane sauƙi kuma aka fi saɓa masa shi ne a ajiye asalin, kada a taɓa shi, a yi aiki a kan kwafi. Tsuran rubutu hatsi ne a zangarniyarsa cikin rumbu, yana shekaru bai lalace ba, takardar da aka tsara kuwa gari ce da aka niƙa don tuwon yau; kowa ya san ba a niƙe rumbu duka don an sami injin niƙa. Tsuran rubutun tsofaffin littattafan Gutenberg kowace waya tana buɗe shi yau, amma takardun da aka rubuta da WordStar da sauran manhajojin shekarun 1980 sai an nemi mai fassara su, Word ita kanta ta canza tsarin ajiyarta a 2007. A Ingila, BBC ta tattara bayanin ƙasar a kan fayafayan laser a 1986 don cikar shekara 900 na littafin ƙidayar Domesday, ba a yi shekara ashirin ba sai da masana suka tashi ceto bayanin saboda na'urorin karanta shi sun ƙare, alhali littafin fata na 1086 yana nan ana karantawa. Masu taskar Gutenberg sun fahimci wannan har suka sa shi a sharuɗɗansu: sun halatta a mayar da littafinsu kowane tsari, har da na manhajar tsara rubutu, amma wanda zai rarraba shi da sunansu dole ya bai wa mai karɓa hanyar samun asalin ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Mai yiwuwa wani ya ce na tsananta, malamin da ke son shafi uku don darasin gobe ba riwayar hadisi yake yi ba. Na yarda akwai bambanci tsakanin abin da mutum ya yi don kansa da abin da zai fitar ga jama'a, kuma wanda ya juya littafi don idonsa kaɗai ya yi yadda ya so. Sai dai fayil ba ya zama inda aka ajiye shi. Ɗalibi zai tura wa ɗalibi, ya shiga zauren WhatsApp, wani ya ɗora shi a shafin saukar da littattafai, bayan shekara biyu kwafin da aka yi cikin gaggawa shi ne wanda kowa ya sani, mai bincike ya ciro jimla daga cikinsa ya jingina wa mawallafi. Ga harshe mai yalwar madaba'u da ɗakunan karatu wannan ƙaramar illa ce, domin bugu ingantacce yana kusa. Ga Hausa kuwa, inda littattafai da yawa bugu ɗaya aka yi musu suka ƙare a kasuwa, wasu ma ba su taɓa shiga madaba'a ba, gurɓataccen kwafi yana iya zama shi kaɗai ya rage.

Akwai kuma haƙƙi, wanda sauƙin gyara ya sa aka raina. Littattafan Gutenberg galibinsu sun fita daga haƙƙin mallaka bisa dokar Amurka, shi ya sa ake ɗaukarsu kyauta. Dokar Nijeriya tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, saboda haka Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ba ta zama ta kowa ba tukuna, balle littafin marubuciyar da take raye tana sayar da labarinta babi babi don ta biya kuɗin makarantar 'ya'yanta. Abin da ya fi ciwo, wanda marubutan intanet suka daɗe suna kuka a kansa, shi ne a tattara labarin mutum a mayar da shi takarda, a share sunansa daga kai, a sa na wani ko na shafin da ya ɗora. Cin amana ne ƙarara, kuma kasancewar sharewar ba ta ɗauki daƙiƙa ɗaya ba bai rage masa nauyi ba.

Magabatanmu masu juyi da hannu, daga Timbuktu zuwa Katsina da Sakkwato da Barno, sukan rufe littafi da 'yan layuka inda mai juyin zai ambaci sunansa, da wanda ya juya wa, wani lokaci da ranar gamawa, kuma da waɗannan layuka ne masu bincike a Arewa House ta Kaduna da sauran taskokin rubuce-rubuce suke gane tarihin kwafi da darajarsa. Ina kira ga malamai da ɗalibai da masu shagunan buga takardu da ƙungiyoyin marubuta su dawo da wannan al'ada a ƙarshen kowace takardar da suka juya: sunan littafi da mawallafinsa, inda aka samo tsuran rubutun da ranar da aka ɗauko shi, abin da aka yi masa, ko haɗe layuka ne kawai ko har da mayar da ƙugiya da gyaran rubutun kalmomi, ko an yi muƙabala da bugun takarda da kuma wane bugu, sa'an nan sunan wanda ya yi aikin. A ajiye fayil ɗin asali da tsarin UTF-8 a jaka ɗaya da takardar, idan za a tura wa wani a tura su tare.